Na ga an rage wa yaro shekaru a tseren unguwa na yi shiru, yanzu ni aka ba rubuta dokoki

Baban Sadik, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo, don in ban faro shi daga tushe ba, ba za ku gane inda ƙayar ta soke ni ba.

Ni tela ne. Shekara uku ke nan samarin unguwanni huɗu na wajenmu suna shirya wa yara gasar guje-guje a hutun Disamba, a filin wata firamare. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Da toka ake jan layi, a miƙe zaren buhu a ƙarshe, a aro lasifika, wani mai hali ya kawo ledojin fiya wata. Akwai tseren mita 100 da na 200, da dogon tsalle cikin yashin da muke roƙowa wurin masu buga bulo, sai tseren miƙa sanda da ake rufe taro da shi. Sandar ma guntun bututun ruwa ne aka yanka. Ni gudummawata ɗinka riguna, ja da kore da rawaya da shuɗi, kowace unguwa da launinta. Albarkacin haka ne aka sa ni cikin alƙalan da ke tsayawa a bakin zare.

Bara, a rukunin 'yan shekara 9 zuwa 11, unguwarmu ta sa wani yaro. Ina ganin sunansa a takarda gabana ya faɗi, don na san haihuwarsa fiye da yadda shi ya sani. Ni na ɗinka wa mahaifiyarsa kayan fitar suna. A Janairun 2012 aka yi sunan, ana tsaka da yajin aikin nan na cire tallafin mai, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 ta haura 140. Kasuwa a rufe, sai da na bi gidajen abokan sana'a kafin na sami zaren da ya dace da atamfar. To ku lissafa da kanku: a Disamban 2024 'yan kwanaki suka rage masa ya cika 13.

Ƙaramin jiki gare shi, wanda bai sani ba ba zai yi zargin komai ba. A tseren mita 100 akwai wani ɗan ƙanƙanin yaro daga tsallaken layin dogo, ba takalmi, gajeren wandon makaranta ne a jikinsa an ɗaure ƙugun da tsumma. Shi ne a gaba har kusan mita saba'in. Ina riƙe da bakin zare ina kallon fuskarsa, ya buɗe baki ya daddage, ƙurar hunturu ta yi masa fari fat a gira. Da ya ji taku a bayansa sai ya waiga. Namu ya wuce shi da taku biyu. Yaron bai yi kuka ba, sai da ubansa ya keto cikin fili ya dungure masa kai, yana cewa, "Kai da ka cika mana baki a gida? Waige-waigen me kake yi kamar ɓarawon akuya?" Jama'a suka kwashe da dariya. Ni kuwa na ɗaga hannun namu, na rubuta sunansa a na ɗaya.

A tseren miƙa sanda ma shi ya kawo mana ta ƙarshe, ɗana Sadik ne ya miƙa masa. Muka ɗauki kofi.

Me ya hana ni magana? Yaron maraya ne, mahaifinsa abokin zamana ne har Allah ya yi masa rasuwa. Kuma ba shi ya ƙirƙiro ƙaryar ba, mai horar da su ne ya ce in an tambaye shi ya ce sha ɗaya. Jakar makarantar da aka ba shi kyauta har yau ita yake goyo, kullum ta ƙofar shagona yake wucewa da ita. Wannan shi ne uzurin da nake ba kaina. Amma tsakani da Allah akwai na biyu: na so mu ci. Har tsalle na yi da 'yar sharata.

Abin da ya tayar mini da tsohon mikin shi ne, Sadik zai cika 12 a Nuwamban nan. Shekaranjiya yana taya ni cire zare a bakin wando, sai ya ce, ko ɗago kai bai yi ba, "Baba, ka ce musu sha ɗaya nake mana, wata ɗaya ne fa kawai. Ai bara ma an yi wa wane." Ashe ya sani tun ranar. Islamiyya ɗaya suke, yaron yana gaba da shi da aji biyu.

Ga shi kuma kwamiti ya ɗora mini rubuta dokokin gasar bana, wai ni ne dattijo mai gaskiya. Shin in tona abin da ya faru bara? A mayar da kofin? Kuma me ya kamata ya shiga cikin dokokin, na yara da na iyaye?

Malam Mai Usur, Kaduna

Wa alaikumus salam Baban Sadik. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da wasannin motsa jiki kafin na yi ritaya, kuma abin da ka faɗa ba sabo ba ne a kunnena. Mu a makaranta har sojan haya ake ɗaukowa, a sa wa ɗan sakandare rigar gidan kore ya yi gudu da 'yan aji biyar.

Ciwon ya daɗe a ƙasar nan, daga sama har ƙasa. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku a Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka ba da a baya, kuma muka rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009 da aka yi gasar 'yan ƙasa da 17 a nan gida, har aka buga wasu wasannin a filin Ahmadu Bello, a lokacin ne aka shigo da hoton ƙashin wuyan hannu na MRI, don a ga ko ƙashin ya gama haɗewa. Duk waɗannan manyan, a irin filinku na toka suka fara jin "ka ce sha ɗaya".

Ku ba ku da na'ura, amma kuna da abin da ya fi ta, kun san juna. A rufe rajista mako biyu kafin ranar. Kowane yaro ya zo da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, in babu, katin rigakafi, don akwai ranar haihuwa a jiki kuma ba wanda ke tunanin gasar gudu ranar da aka kai jariri allura. Takardar rantsuwa ta kotu da aka yi a makon gasar kada ku karɓa. Sai a liƙa sunaye da shekaru a inda kowa zai gani a unguwannin huɗu. Mai ƙorafi ya kawo kafin ranar, a ɗaki, ba a fili ba. Ka tsayar da rana ɗaya ta lissafi, misali shekarun da yaro yake da su ranar 31 ga Disamba, ka ga maganar "wata ɗaya ne kawai" ta mutu.

Babban gyaran kuma, ku buɗe rukunin 'yan 12 zuwa 14. Yaron nan gudu yake so, ba ku tanadar masa wuri ba, shi ya sa aka cusa shi inda ba nasa ba. Sadik ma can zai faɗa.

Kada alƙali ya tsaya a zare a tseren da ɗansa ko ɗan unguwarsa ke ciki, ku yi musaya. Ku koya wa alƙalan cewa ƙirji ake dubawa a layin ƙarshe, ba kai ba, ba hannu ko ƙafa ba, don rabin rigimar da na raba a rayuwata daga nan take tashi. Wanda ya riga usur tashi, a dokar manya tun 2010 sau ɗaya ne a fitar da shi, ita ce ta fitar da Usain Bolt a tseren ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta Daegu a 2011. Amma don Allah kada ku ɗora wa ɗan shekara tara wannan. A dawo da su, a ja masa kunne, a sake.

Iyaye kuwa igiya za ku ja musu. Duk wanda ya tsallako, a tsayar da wasa, mai lasifika ya yi shiru, kowa ya jira shi har ya koma. Na gwada, kunya tana aiki fiye da 'yan sintiri.

Maman Ilham

Malam Mai Usur ya yi magana, Allah ya ƙara girma. Ni ta ɗaya gefen zan shigo, don ina gudun a gyara ɓarna da wata ɓarnar.

'Yata doguwa ce, dangin babanta ta ɗebo. Tana da shekara 10 ta kusa kamo ni. Ta ci tseren mita 200 a gasar gidaje ta makarantarsu, da takardar haihuwarta da komai a ofishin hedimasta. Tana tsaye tana haki, ko ruwa ba ta sha ba, sai wata mata daga cikin rumfa ta ɗaga murya, "Wannan uwar matan ce 'yar firamare? Ku kai ta ɗakin miji mana!" Aka yi shewa. Ina wurin, ina riƙe da hijabinta da robar ruwa. Na ga yadda ta naɗe hannu a ƙirji ta sunkuyar da kai. Ranar ko kyautar ba ta yarda ta fita karɓa ba, ƙawarta ce ta karɓo mata bokitin.

Yanzu shekararta 14. Ba ta sake gudu ba. Ko aikenta na yi ba ta sauri a titi. Lokacin da Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a 2022, daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100, na nuna mata a waya, na ce kin ga mace 'yar ƙasarku. Ta kalla har ƙarshe, ta miƙo mini wayar ta ce, "Ita ba a yi mata dariya ba." Ban san me zan ce mata ba.

Saboda haka Baban Sadik, in za ka rubuta doka, ka rubuta ta baki. Ba a auna shekaru da ido. Yara biyu 'yan shekara ɗaya, wani ya fi wani da kai guda, musamman mata da ke saurin girma a wannan tsakanin. Shi yaronku ma ai ƙaramin jikinsa ne ya rufa muku asiri, ka ga idon ya yi ƙarya ta nan, ya yi ta can. Duk mai shakka ya je wurin kwamiti. Wanda ya kira yaro tsoho ko ya zage shi a fili, a rage wa unguwarsu maki, za ka ga 'yan unguwarsu da kansu sun toshe masa baki.

Maraya kuma kada a kira sunansa a taro. Wallahi in aka yi, bakin yara ba zai bar shi ba har ya girma.

Na Bakin Kasuwa

Haba Baban Sadik, kofin roba fentin zinare ne fa, wanda ake sayarwa a shagon kayan wasanni. Kan wannan za ka haɗa kanka faɗa da mai horar da yara, da uwar yaro, da unguwa guda? Ka rantse sauran unguwanni ukun duk 'yan sha ɗayan gaskiya suka kawo? Kowa ya yi nasa, naku ne ya fi gudu. Gobe kai za ka zauna da mutanen nan, su za su kawo maka ɗinkin sallah. Wanda ya wuce ya wuce, tone-tone kaza ke yi, kuma ka san abin da ta tono. Ka rubuta dokarka ta bana ka yi shiru. Ɗanka kuma ka ce masa a'a, ai kai ne uba, ba sai ka yi masa bayani ba.

Ɗan Maraɗi

Sallama gare ku 'yan uwa na Nijeriya. Ina karatu ina murmushi, don mu mun taɓa cin ribar wannan halin naku. A 2016, gab da wasan neman shiga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17, aka gwada yaranku, 26 suka faɗi gwajin ƙashi. Kuka ci mu ɗaya a Abuja, muka ci ku uku da ɗaya a Yamai, muka fitar da ku, alhali ku ke riƙe da kofin duniya na 2015. Daga nan muka je gasar duniya a Indiya a 2017, karonmu na farko. Ba gori nake ba, mu ma nan akwai yara da yawa da ba a yi musu takarda ranar haihuwa ba, sai za a sa su lakwal ake zuwa wurin alƙali a ƙiyasta.

Amma ni wanda ya tsaya mini a rai ba mai shekarun ba ne, uban nan ne mai dungure kai. A kokowa, har a gasar Takobi, babbar gasar kokowa ta Nijar, da ake yi tun 1975, in ka ka da mutum kai za ka miƙa mishi hannu ka tashe shi, ku rungumi juna gaban dubban mutane. Ƙato mai laya da guru ya sha ƙasa ya tashi ya yi haka, balle ɗan shekara goma. Ku sa wannan cikin dokar: in an gama tsere, duk su tsaya a layi su gaisa kafin kowa ya nufi wurin ubansa. Ko ba komai yaron zai samu minti ɗaya ya haɗiye abin da ke maƙoshinsa.

Malam Mai Usur, Kaduna

Na Bakin Kasuwa, ban yarda da kai ba a kan "ba sai ka yi masa bayani ba". Yaron ya riga ya ga ubansa ya ɗaga hannun. A'a kawai za ta zama masa son kai ne, an yi wa wane, shi an hana shi.

Maganar kofi kuma na manta ban taɓa ta ba. A Olamfik na Sydney a 2000, 'yan tseren miƙa sanda na Najeriya na mita 400 sau huɗu sun zo na biyu a bayan Amurka. Daga baya ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya sha ƙwayoyin ƙara kuzari, aka ƙwace zinaren, amma sai a 2012 aka tabbatar wa namu. Sunday Bada da ya yi gudun ya rasu a Disamban 2011, bai gani ba. Kofin unguwa ku ajiye ko ku mayar, wannan na manya ne, ku kuka sani. Wanda ake bin bashi shi ne yaron tsallaken dogo, kuma shekara ɗaya kawai ta wuce.

Baban Sadik, Zariya

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi kwana biyu ban leƙo ba, ga abin da ya faru.

Na fara da mai horarwar, na same shi shi kaɗai bayan isha'i. Ya ɗan yi borin kunya, ya ce ai don yaron ya samu jaka ya yi. Na ce ni ma da wannan na yi shekara ina rarrashin kaina. A zaman kwamiti na faɗi cewa bara mun sa wanda ya wuce shekaru, na sani, na yi shiru. Ban kira suna ba, Maman Ilham, kodayake na ga wasu sun kalli juna. Na Bakin Kasuwa, ka yi gaskiya a abu ɗaya: wakilin masu rigar rawaya ya fashe da dariya ya ce su biyu suka sa, duka ba su kai ko'ina ba. Aka yi ta ja-in-ja a kan kofi har aka kira sallah, ba a cimma komai ba. Yana nan a kan kabad a gidan shugabanmu. Mutum biyu ba su gaishe ni da safe ba, ɗaya kuwa na san yana da shadda a wurina.

An amince da rukunin 12 zuwa 14, da katin rigakafi, da igiyar iyaye, da gaisawa a layi. Rage maki saboda zagi ne aka ce sai an sake zama, wai wa zai tantance zagi da wasa.

Sadik na zaunar da shi a kan benci na gaya masa abin da na yi bara ba daidai ba ne. Ya yi shiru, can ya ce, "To yanzu da wane zan yi gudu ke nan? Ai zai cinye ni." Na ce ƙwarai, zai iya. Bai ji daɗi ba, tun jiya ba ya kula ni sosai, amma na ga da asuba ya fita zagaya fili.

Na tsallaka dogo da jakar makaranta sabuwa a leda. Sai da na yi tambaya wuri uku kafin na sami gidan. Uban ya fito yana goge hannu, na yi masa bayani a zaure, na ce ɗanka ne ya ci tseren nan. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce yaron ba ya nan, tun bayan babbar sallah ya kai shi karatun allo wajen ƙaninsa a wani ƙauye ta hanyar Funtuwa. Ya karɓi jakar ya ce zai aika masa. Na roƙe shi ya bar shi ya zo ranar gasa, shekararsa 11 yanzu, rukuninsa ne. Ya ce zai duba, kuɗin mota ne abin ji. Na ce wannan a bar mini.

Malam, tambaya ɗaya ta rage. A dogon tsalle, daga ina ake fara awo in yaro ya faɗi da baya ya dafa hannu a yashi? Bara a kan wannan aka kusa dambe, kuma ranar Asabar zan kai takardar wurin mai buga ta a kwamfuta.